Goggo da 'Yan Ajin Rana

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Goggona, yayar mahaifina, ta rasu ranar Talata da hantsi, muka kai ta makwancinta bayan azahar. Kwana uku na yi a kan tabarma a ƙofar gidanta ina karɓar gaisuwa, kuma a kwana ukun nan na ji ƙaryar da ban taɓa jin irinta a kasuwa ba, ni da na shekara talatin ina dillancin wake da masara a Mubi.

"Allah sarki, baiwar Allah mai sanyin hali," in ji wani maƙwabcinmu. Sanyin hali! Mutumin nan da idona na sha ganin ya tsallake kwata ya sake hanya idan ya hango ta tafe da lemarta. Wani ya ce bai taɓa jin ta ɗaga murya ba. Na ce a raina, to, kai kurma ne. Hedimastan firamaren unguwarmu ya zo da malamansa, ya tsuguna, ya goge ido da hankici, ya ce, "Ciyaman, uwa muka rasa. Duk abin da Mama ta ce, shi muke yi." Na dube shi, shi kuma ya dubi tabarma. Shi ne ya taɓa sa maigadi ya tare ta a bakin ƙofar makaranta, ta ture maigadin da lema ta shige.

Mutum ɗaya ce ta faɗi gaskiya, Goggo Ƙarama, ƙanwarta. Gidanmu irin gidajen ƙabilarmu ta Gude ne da yawa a nan, wasu masallaci wasu coci, kuma ba a fasa cin tuwo a kwano ɗaya ba. Goggo Ƙarama ta zo daga ƙauye da matan cocinsu, suka shige cikin gida suka zauna da matan unguwa. Da ta gaji da yabon da ke shigowa ta zaure, sai ta leƙo ta ce, "Ku ji tsoron Allah. Yayata masifaffiya ce tun muna yara. Ku yabe ta da abin da take da shi, yana da yawa, ba sai kun aro mata ba." Liman ya yi gyaran murya ya ce a yi salati.

Rana ta uku da la'asar wasu mata suka zo, su kusan goma, ba su hau tabarma ba. Mutanen ƙauyukan da ke arewa da mu ne, waɗanda aka ƙona wa gidaje suka tsaya a Mubi. Itace ɗauri biyu suka ajiye a bakin zaure, abin da suke da shi ke nan. Babbarsu ta gaishe ni da Hausarta ta koyo, sannan ta ce, "Baba, yanzu wa zai je ajin rana?"

Ba ta san wanda take tambaya ba. Ko kuma ta sani sarai. Ni ne shugaban kwamitin iyaye na makarantar, kuma ni na ƙirƙiro ajin rana: 'ya'yanmu na gari su yi karatu da safe, 'ya'yan 'yan gudun hijira su shiga ƙarfe ɗaya bayan namu sun tashi. A kan wannan Goggo ta shekara biyu ba ta ci hatsin gidana ba, kuma a kai ta bar duniya. Shi ya sa nake wannan rubutu. In ba a faɗi yadda take ba, nan da shekara kaɗan wata mace dabam za a riƙa tunawa, mai murmushi da shiru, wadda ba ta taɓa zama a unguwarmu ba.

Goggo ta koyar shekara talatin da biyar, goman ƙarshe ita ke shugabancin wannan makarantar. Ita ta riƙe ni bayan rasuwar mahaifiyata. Allah bai ba ta haihuwa ba, kuma duk wanda ya ce mata "Allah sarki" a kan haka ya sha magana. Gajeriya ce, mai saurin tafiya. Tana jin Gude da Fulatanci da Hausa da Turanci, kuma da kowanne tana iya wanke mutum tas.

Lokacin shugabancinta tana da wata doka da malamai suka tsana. Yaran da ke saukowa daga kan dutse, da na rugagen da ke hayin mayo, wato rafi, kullum su ne a layin bulala saboda latti. Goggo ta ce ba ta hana dukan latti ba, amma duk malamin da zai daki yaro, sai ya fara zuwa gidan yaron ya tako hanyar da ƙafarsa har makaranta. Wani sabon malami, ɗan cikin gari, ya ɗauka wasa take yi. Ta tasa shi a gaba wata Asabar da damina, mayo ya kawo ruwa har ƙugu. Ya dawo da takalmi ɗaya, wandonsa a kafaɗa. Ranar Litinin a gaban layi ta miƙa masa bulala ta ce, "Ungo, yanzu kana da izini." Bai karɓa ba.

"Agogo ɗaya ne," haka take cewa, "amma hanya ba ɗaya ba ce."

Akwai kuma ranar al'adu da ake yi duk shekara, manyan ofishin ilimi su zo su zauna a inuwa. Yadda aka saba, a ɗaura wa yaran dutse fata su yi rawa, yaran ruga su ɗauko ƙwarya su zagaya fili, 'ya'yan ma'aikata kuwa su sa farar riga su karanta jawabi da Turanci su karɓi kyauta. Shekararta ta farko ta juya abin. Ɗan wani babban ma'aikaci ta ɗaura wa fata, wata yarinyar dutse ta ba jawabi, yarinyar ta yi shi da Gude sannan ta maimaita da Hausa. Uban yaron ya taso daga kujerarsa yana huci.

"Malama, kin mai da ɗana ɗan ƙauye a gaban jama'a!"

"Ranka ya daɗe," in ji Goggo, "ashe ka san abin kunya ne? To shekara nawa kana tafa wa 'ya'yan wasu a cikinsa?"

Har ofis aka kai ƙararta. Kuma ba rawar ta tsana ba, don in ana biki a ƙauyenmu ita ke fara shiga fili. Ta ce abin da ta ƙi shi ne a koya wa yara tun suna ƙanana cewa wannan ƙabila ƙafa gare ta, waccan kuma kai.

Ni a aji biyar na bar makaranta na bi wani mai awo zuwa kasuwa. Wata guda ba ta yi mini magana ba, tuwo kawai take turo mini da ƙafa. Bayan wasu shekaru na zuba duk abin da na tara na sayi wake da kaka, na jibge a ɗaki ina jiran tsada. Ban zuba toka ba, ban zuba barkono ba, don ban san ana yi ba. Da na buɗe buhu, ƙwari sun huda shi kamar rariya. Na zube a bakin ɗakin. Goggo ta taso daga makaranta, ta ɗaura zani a ƙirji, ta baza tabarmi. Kwana uku muna shanya muna sheƙa muna tsince mai kyau, ba ta ce mini uffan ba. Abin da muka tsira da shi, da shi na sake tsayawa. Rana ta huɗu tana wanke hannu ta ce, "Da ka kai aji shida, a can muke koyar da ajiyar hatsi."

Haka take. Za ta cire ka daga rijiya, amma sai ta gaya maka zurfinta.

Sai shekarar gudu ta zo. Wanda yake Mubi a lokacin ba sai an ba shi labari ba. Masu bindiga suka shigo gari, kowa ya kama hanyar da ƙafarsa ta nuna masa. Mu ta Maiha muka bi. Goggo ta riga ta yi ritaya, gwiwoyinta sun ƙi, muka ɗora ta a amalanken ruwa ni da babban ɗana muna turawa, ita kuma tana faɗa mana ba mu iya kauce wa rami ba. A Yola muka sauka wurin wani abokin cinikina. Da na kai yarana makarantar unguwar, aka ce ba wuri, aka zaunar da su a baranda tare da sauran 'yan gudu, suna leƙen allo ta taga. Na yi faɗa a ofishin nan har muryata ta dushe. Na ce 'ya'yana ba mabarata ba ne, gida gare su, gudu ne ya kawo su. Goggo tana bayana tana gyaɗa kai.

Da gari ya lafa muka dawo. Mu mun tarar da gidajenmu, ko da an kwashe kaya. Mutanen ƙauyukan arewa ba su da inda za su koma, suka kama ɗakuna a gefen unguwa, wasu a kangaye. Makaranta ta cika har yara suna zama a kan taga. Iyaye suka taru. Wani ya ce yaran nan ba sa jin Hausa sosai, za su ja namu baya. Wani ya ce sun girmi ajinsu. Wani ya rage murya ya ce ba mu san su ba, wa ya san abin da idonsu ya gani, wa ya san wanda ke cikinsu. Tun da muka dawo, Musulmi da Kiristan unguwarmu kallon hadarin kaji suke yi wa juna, kowa yana zargin kowa. Ranar ce ta farko da na ga bakinsu ya zo ɗaya, kuma a kan tura 'ya'yan wasu cikin rana ne. Ni na kawo shawarar, aka tafa mini. Na koma gida ina jin na yi dabara.

Da yamma Goggo ta aiko a kira ni. Na tarar da ita a kan kujerarta ƙarƙashin dalbejiya.

"Dillali, na ji ka raba makaranta."

"Goggo, ba rabawa ba ce. Wuri ne ba ya isa. Dole wasu su yi safe wasu su yi rana."

"Wannan gaskiya ne. Wa ya zaɓi waɗanda za su yi rana?"

"Goggo, ko wake ana ware shi. Ba a haɗa manya da ƙanana a buhu ɗaya."

"Wake don sayarwa ake ware shi. Waɗannan wa za ka sayar wa?"

Na ce ita ba ta san halin da ake ciki ba, zamani ya canza, iyaye sun tsorata. Ta ce tsoron ta san shi, a amalanke ta yi shi. Sannan ta ce, "Wane ne wancan mutumin da na ji yana ihu a Yola cewa 'ya'yansa ba mabarata ba ne? Muryarsa irin taka."

Nan na fusata. Na ce mata abin da har yau nake jin nauyinsa: ita ba ta da ɗa a makarantar, shi ya sa magana take mata sauƙi. Ta ce, "Tashi ka tafi, magariba ta yi."

Duk wata nakan aika mata da masara da wake. Watan nan mai keke napep ɗin da ya kai ya dawo da su, ya ce Mama ta ce a kai wa Ciyaman, yana da 'yan safe da zai ciyar. Wata na biyu haka. Na je da kaina, ta amsa gaisuwata, ta tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, amma buhu bai shiga ɗakinta ba. Tsohuwa mai ciwon gwiwa, tana zuwa awo da mudu a hannun yaran da ni na koya wa ciniki! Duk kasuwa aka sani. Abokaina suna tsokanata, "Alhaji, yau ma mun yi cinikin Goggonka, mun yi mata ragi saboda kai." Wallahi na sha takaicin matar nan.

Ba ta tsaya nan ba. Kullum ƙarfe ɗaya sai ta ɗauki lemarta da 'yar kujera ta nufi makaranta, ba wanda ya aike ta, ba wanda yake biyan ta. Abin da ta tarar shi take zuwa ta zazzage mini a rumfa, a gaban masu saye. Malaman rana suna sa hannu a rajista su sulale, wannan ya tafi gona, wannan ya tafi tuƙa keke. Da bazara kwanon ajin yana zafi kamar tanda, yara suna gyangyaɗi. Da damina hadari yana haɗuwa da la'asar, a sallame su tun ba a yi komai ba. Yaro harshen Kamwe ko Margi yake ji, malami yana tambaya da Turanci yana zagi da Hausa, yaron ya yi shiru, a rubuta daƙiƙi. Goggo ba ta jin waɗannan harsuna, sai ta jawo wata mai tuyar ƙosai a bakin makaranta tana yi mata tafinta, ita kuma tana juya mata ƙosan idan hannunta bai isa ba.

Wata rana tayar mota ta fashe a titi, yaran rana suka shige ƙarƙashin benci suna kuka, malami ya bi su da bulala. Goggo ta ƙwace bulalar ta karya. Ranar ce hedimasta ya sa a tare ta. Ta zo rumfata tana haki.

"'Yan safe ma suna shiga ƙarƙashin benci in sun ji ƙara. Autarka ma tana yi. Su ana cewa sun firgita, a ba su ruwa. Waɗannan ana cewa ba su da tarbiyya. Ka ji, Dillali?"

"Goggo, ina ciniki."

"Yi cinikinka. Ni ba da kai nake ba, da shugaban kwamiti nake."

Ba zan ce ba ta da laifi ba. Ba ta iya lallashi ba, ko kaɗan. Akwai iyayen da suka fara tausaya wa yaran, da ta bi su a hankali da sun goya mata baya, amma sai ta tare su a gidan suna ta kira su munafukai. Na sha gaya mata, "Goggo, ba a sayen saniya da zagin mai ita." Ta ce ita ba dillaliya ba ce. Gaskiya ne, ba ita ba ce. Ni ne dillalin, kuma ni na san yadda ake shawo kan mutane, amma na zauna ina kallo shekara biyu don kada a ce tsohuwa ta fi ƙarfina. Kuma autata tana aji huɗu, kullum ita ke zuwa ta ɗaya, ba na son abin da zai taɓa ta.

Da ciwo ya kwantar da ita, ni na kai ta asibiti, ni na dawo da ita. Wannan ba ta hana ni ba. A cikin keke, tana jingine da kafaɗata, ba nauyi kamar buhun ƙaiƙayi, na ce, "Goggo, ki yafe mini maganar da na gaya miki."

"Wannan na yafe tun ranar. Yaro ne kai, bakinka ya fi kanka sauri."

Shekarata hamsin da biyu a lokacin. Na ji sanyi a raina, na ce to a kawo hatsin? Ta buɗe ido.

"Nawa na yafe. Na yaran nan ba nawa ba ne balle in yafe maka."

Kwana tara bayan nan ta cika.

Taron kwamiti ya faɗo mako guda bayan sadakar bakwai. Kowa ya san abin da za a tattauna: a sa wa wani sabon aji da aka gina sunanta, a rubuta da fenti. Ni kuwa na zauna na yi tunani irin na kasuwa. Wa'azi ba zai yi ba, ta yi shi shekara biyu bai ci ba. Sai na tuna wani abu da ban taɓa lura da shi ba, ko na ƙi lura. Takardar gayyatar taro 'yan safe ake ba su kai gida. Iyayen 'yan rana ba a taɓa kiran su ba, alhali su ma iyaye ne, sunan 'ya'yansu yana cikin rajista ɗaya da namu. Ban yi shawara da kowa ba. Na je da kaina ƙarfe biyu, na ɗauki mai ƙosan nan, muka shiga aji aji tana faɗa musu da harshensu: ranar Asabar kowa ya zo da ubansa ko uwarsa.

Suka zo. Har bayan taga suka tsaya. Hedimasta ya jawo ni gefe yana gumi.

"Ciyaman, wa ya kira waɗannan?"

"Taron iyaye ne, Malam. Ko akwai wanda ba uba ba a cikinsu?"

Na tashi na ce wuri dai har yanzu ba ya isa, dole a yi safe da rana. Amma daga zango mai zuwa za a haɗa sunayen yara duka, na gari da na gudu, kowane yaro ya ɗebi takarda a bokiti a gaban kowa. Wanda ya ɗebi safe ya yi safe, wanda ya ɗebi rana ya yi rana, zango na gaba a yi musaya. Wurin ya kaure. Wani Alhaji da muke salla sahu ɗaya ya ce na ci amanar unguwa. Wani dattijon coci ya ce baƙin ciki ne ya taɓa mini kai, a yi mini uzuri. Na bar su suka gaji, sannan na ce a ɗaga hannu. Matan nan da suka kawo itace ba su san ana ɗaga hannu ba sai da mai ƙosai ta daka musu tsawa. Muka yi rinjaye. Maganar fenti ko tashi ba ta yi ba.

Wasu suka cire 'ya'yansu suka kai makarantar kuɗi. Wani babban mai saye da muka shekara goma tare ya koma rumfar maƙwabcina. Wannan duk na sa shi a lissafi tun kafin in fara. Abin da ban sa ba shi ne ranar bokiti. Autata ta sa hannu, ta warware takarda, ta ɗago ta dube ni. Rana.

Hedimasta ya matso kusa da kunnena. "Ciyaman, ba matsala. Idan an watse sai a gyara, wa zai sani?"

Ba zan yi ƙarya a rubutun ta'aziyya ba, maganarsa ta shige ni. Yarinyar tana da ciwon kai idan zafi ya yi yawa. Har na buɗe baki in ce to. Sai na ga babbar matan nan a tsaye a bakin taga, bakina kawai take kallo. Na ce, "Malam, rubuta abin da ta ɗebo."

A gida uwargida ta tare ni tun daga zaure.

"Kai ne shugaba, 'yarka ce a rana? Alhaji, Goggo ta mutu ta bar maka ciwonta!"

"Zango ɗaya ne, za a juya."

"A juya kanka tukuna."

Yanzu ga abin da ya fi ba ni haushi, kuma shi ne dalilin da ya sa wani lokaci nake rasa barcin rana. Ba autata kaɗai ta faɗa ajin rana ba. Akwai ɗan wani ma'aikacin ƙaramar hukuma, akwai jikar liman, akwai 'yan biyun wani mai shagon magani. A makon farko iyayensu suka fara leƙowa ƙarfe biyu su ga ko malami yana nan. Malamai suka daina sulalewa. A mako na biyu mai shagon magani ya ce zafin ya yi yawa, aka kira kafinta ya buga silin. Aka nemo wata malama mai jin Kamwe, ashe tana nan cikin gari tun tuni, ba wanda ya tambaya. Na je wata rana na tarar da randuna uku a baranda cike da ruwa, har da moɗa a ɗaure da igiya. Mai ƙosai ta ga ina kallo ta ce, "Mama ta roƙi ɗaya. Tun zuwanta take roƙo, aka ce babu."

Mako biyu! Abin da tsohuwa ta ja gwiwa shekara biyu tana nema, mako biyu ya ishe shi da rana ta taɓa 'ya'yanmu. Ba kuɗi ne babu ba, ba wuri ne babu ba. Na tsaya a barandar nan ina jin haushin hedimasta, da iyaye, da ita kanta da ba ta iya roƙo da taushi ba, har na rasa wanda ya rage in ji haushinsa sai mai rumfar wake, wato ni.

Allah Ya jiƙan Goggo, Ya yafe mata kaifin harshenta, Ya sa tafiyar da ta yi a cikin rana ta zame mata inuwa ranar da babu wata inuwa sai tasa. Allah Ya ba Goggo Ƙarama haƙuri, ita da ta rasa abokiyar faɗa ta shekara saba'in.

Autata ta zo ta uku a wannan zangon, ta yi kuka, ta kuma warke. Amma a cikin waɗanda suka shekara biyu a ajin da na ƙirƙiro, akwai waɗanda ba su jira bokiti ba. Sun gaji sun bari. Manyan cikinsu suna kasuwa yanzu suna dakon buhu, wasu a layinmu. Da safe idan na buɗe rumfa suna wucewa da kaya a ka, su ce, "Sannu, Baba." Ina amsawa. Har yau ban samo abin da zan ƙara a kai ba.